Hukuncin rainon ƙwayoyin cutar gudawa a ɗakin bincike

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce mai nazarin ƙwayoyin cuta. Mukan ɗebo ƙwayar cutar gudawa daga bayan gidan majinyaci, mu zuba ta kan ƙwayoyin halitta da ake raino a faranti har ta hayayyafa. Zuciyata ta kasa natsuwa. Anya ba cuta muke ƙarawa duniya ba? Ga kuma wani sinadari da muke sakawa, tirifsin, wanda ake cirowa daga alade.

Amsa: Wa alaikumus salam. 'Yata, aikinku halal ne, har yana shiga farilla ta kifaya. Buhari ya ruwaito cewa Allah bai saukar da wata cuta ba face ya saukar mata da magani, kuma wanda bai san cuta ba, ina zai gano maganinta? Dubi norobairos, ɗaya daga cikin ƙwayoyin cutar da ke jawo amai da gudawa. An gan ta a madubin bincike tun 1972, amma ta ƙi yarda a raine ta da kyau sai a 2016, lokacin da Mary Estes da abokan aikinta a Amurka suka yi nasara da ƙwayoyin hanjin ɗan Adam. Shekara arba'in da huɗu masu neman rigakafi suna lalube cikin duhu.

Taɓa najasa don lalura ba zunubi ba ne. Ki sa safar hannu, ki wanke inda ya taɓa, ki canja tufa kafin salla. Ɗan tsokar hanjin da ake ɗauka daga jikin mutum don wannan rainon kuwa, dole sai da izinin mai shi, ba sayarwa ba, domin jikin ɗan Adam abin karramawa ne.

Maganar alade ce ke buƙatar tsayawa. Rotabairos, wata ƙwayar cutar gudawa, ba ta shiga ƙwayar halitta sosai sai tirifsin ya tsaga furotin ɗin da ke bayanta, don haka ba ado aka sa shi ba. Abin da Alƙur'ani ya haramta a fili shi ne cin naman, ke kuwa ba ci kike yi ba. Ko a maganin rigakafin shan inna, wanda ake ɗigawa yaro a baki, Majalisar Fatawa ta Turai ta halatta shi a 2003, saboda ƙanƙantarsa da kuma tace shi da ake yi. Duk da haka, yanzu akwai irinsa da ake haɗawa ba tare da dabba ba. In yana samuwa kuma yana biyan buƙata, shi na fi so miki.

Inda haramci zai shigo shi ne sakaci. Norobairos ƙwayoyi kaɗan sun isa su kwantar da mutum, kuma man goge hannu mai barasa ba ya kashe ta yadda ya kamata, sai sabulu da ruwa, sai bilic a kan tebur. Wanda ya tsallake dokar tsaro da gangan har wani ya kamu, alhakin yana wuyansa. Wallahu a'alamu.