Tambayi Makanike: An sauya inji, mota ta ƙi tashi

TAMBAYA: Assalamu alaikum Oga. Golf 3 gare ni, ina jigila da ita tsakanin Sakkwato da Illela. Na sa mata injin Beljiyam makon jiya, amma muka mayar da tsohon distiribita. Kik na juyawa, wuta na zuwa, sai dai ta yi tari ta mutu. An ce sansan kamshaf ne bai zauna daidai ba, wai sai an kai ta inda ke da kwamfuta. Ba yadda za a yi da hannu? Daga wani direba a Mabera.

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Akwai, kuma sifana da sukudireba sun isa. Idan injin 1.8 ko 2.0 ne, sansan, wato na'urar da ke shaida wa kwamfutar mota inda kamshaf yake, yana cikin distiribita ne, mai rarraba wuta ga filogi, don haka saita distiribita shi ne saita shi.

Cire filogin silinda ta ɗaya, wadda ke kusa da bel ɗin tayimin. Toshe ramin da babban yatsa, yaronka ya juya karanshaf da sifana a hankali, ta inda agogo ke juyawa. Idan iska ta fara ture yatsan, fistin na hawowa da matsi. Sai ka leƙa ramin da ke saman giyabos har alamar fulawil, wato faifan da ke bayan inji, ta zo daidai da tsinin da ke bakin ramin, ka tabbata alamar kamshaf ma ta zauna a tata.

Nan ne aka fi yin kuskure, kuma ni ma na taɓa ɓata yini guda a kansa ina yaron gareji, da rana tsaka cikin zafin Afrilu. Karanshaf na zagaye biyu kafin kamshaf ya yi ɗaya. Ke nan alamar fulawil za ta zo sau biyu, ɗaya ce kawai ta gaskiya. Wanda bai sa yatsa ba, yana iya dasa distiribita a juye, wuta ta riƙa zuwa lokacin da hayaƙi ke fita. Tarin da ka ji ya yi mini kama da haka.

Yanzu sai ka ciro distiribita ka sake dasa shi. A bakinsa akwai ɗan tsagi. Can rota, wato ɗan hannun da ke juyawa a cikinsa, zai kalla bayan distiribita ya zauna. Haƙoran giyarsa a karkace suke, yana murɗawa idan yana sauka, don haka ka fara da shi baya kaɗan. In ya ƙi shiga har ƙasa, harshen famfon man inji, wanda ke shiga gindin distiribita, shi ne bai dace ba. Ciro shi, gyara harshen, kada ka kai masa guduma, don Allah.

Ɗaure distiribita da sifana 13, jera wayoyin filogi 1-3-4-2. Ka lallaɓa soket ɗin sansan, zafin garin nan ya riga ya gasa robarsa. In mota ta tashi amma ba ta da ƙarfi a kan hanya, to lokacin ne kwamfuta ke da amfani: in ta fito da lambar 00515, matsalar a sansan take ko saitinsa.