Gilashin luba da kwalin taliya ba za su riƙe hoton Baba ba

Jiya muna rufe shago ka tambaye ni ko ragowar gilashin luba da ke jingine bayan benci da kwalin taliya za su ishe ka ka haɗa firam biyu a gida, ɗaya na hoton auren yayarka, ɗaya na tsohon hoton mahaifinku. Na ce ka bari sai da safe, don ba maganar tsaye ba ce. To jawo kujera, ɗana.

Gilashin luba dai mayar da shi inda ka gan shi. Faɗinsa inci 4 ne ko 6, ina hoton da zai shiga? Ko da ya shiga, kaurinsa ya kai milimita 4 zuwa 5, zai cinye maka kwarmin firam har ka rasa inda za ka sa bayan. Ga nauyi: kowace milimita ɗaya ta kauri tana ɗora kilo biyu da rabi a kan murabba'in mita. Mai milimita 2 kilo biyar ke nan, mai 5 kuwa sha biyu da rabi, duk a wuyan ƙusa ɗaya. Ɗaga shi ka dubi bakinsa, za ka ga kore-kore. Yawan kauri, yawan koren da zai zuba wa farar rigar amarya. Hoto mai inci 8 da 10, gilashi mai milimita 2 ya ishe shi. In ya wuce inci 16 da 20, ni mai 3 nake sawa. Kuma in za ka ja dayamon, wato abin yankan gilashi, rage kamar milimita 2 daga awon kwarmin. Katako yana kumbura da damina, ya tsuke da hunturu, gilashin da aka cusa dam wata rana da dare za ka ji ƙas.

Akwai gilashi mai dishi-dishin fuska da ba ya ƙyalli. Yana da daɗi a falon da ƙwan lantarki ke fuskantar bango, amma da ya ɗan yi nesa da hoton sai fuska ta zama kamar ana hango ta cikin hazo. Ba na son sa. Akwai kuma robar nan da ake kira Perspex. Nauyinta bai kai rabin na gilashi ba, ba ta tarwatsewa, ita nake ba wa mai yara ƙanana ko wanda zai ɗora firam a mota. Aibinta biyu: tana karcewa da wuri, kuma in ka goge ta da busasshen tsumma lokacin hunturu sai ta riƙa zuƙo ƙura kamar maganaɗisu. Don haka kada ka kuskura ka rufe zanen gawayi ko na alli da ita, za ta ɗauke garin daga takardar ya manne mata. Tsumma mai laushi da ɗan danshi ake goge ta da shi, ba sifirit, ba ruwan wanke taga. Ledar jikinta ma sai a ƙarshe ake ɓarewa. Gilashin da ke hana hasken rana koɗar da hoto kuwa yana nan, da tsadarsa. Kafin ka kai can, rataye hoton a bangon da rana ba ta duka.

Duk wannan na gaba ne, shi mai kaya yake gani ya yaba. Abin da ke kashe hoto yana ciki da baya.

Ina saurayi kamar ka wani dattijo ya kawo mini hoton mahaifinsa, baƙi da fari, da rawani, shi kaɗai ne da su a gidan. Na kwantar da shi a kan gilashi kai tsaye, na danne da filawud, na buga ƙusoshi ina jin na gwanance. Bayan damina biyu ya dawo da shi. Wasu wurare sun yi sheƙi kamar an ɗiga mai, wato fuskar hoton ta sha laima ta manne da gilashin. Na sa bakin wuƙa zan ɗaga, sai rabin gemun da kunci ɗaya suka zauna a kan gilashi, farar takarda ta biyo hannuna. Da na juya bayan, ga zanen jijiyar filawud ɗin ya fito ruwan ƙasa, layi-layi. Dattijon bai yi faɗa ba. Ya naɗe abinsa a hankici ya ce Allah ya kyauta. Da ma zagina ya yi.

Tun daga ranar, hoto bai sake taɓa gilashi a shagon nan ba. Ko ka yanka kwalin gefe mai taga a tsakiya, ko ka yanko sirara masu kaurin milimita 2 zuwa 3 ka ɓoye su ƙarƙashin leɓen firam, iska ta samu wurin zama.

Kwalin taliya kuwa abincin kyankyaso ne da asu, yana shan danshi, kuma akwai wani tsami a jikinsa, asid in ji 'yan boko, da ke ƙona takarda a hankali har layukan cikin kwalin su fito a bayan hoton. Filawud, hadbod da MDF (allon garin katako da aka matse da gam) duk suna da irin tsamin. MDF mai milimita 3 yana kwanciya sumul, ga araha, amma ranar da ya sha ruwa ya kumbura ba ya komawa. In dole da shi za ka yi, lulluɓe fuskarsa ta ciki da takardar alminiyon ta kicin, sannan ka shimfiɗa farin kwali marar asid tsakaninsa da hoton. In ba ka samu ba, nemi takardar zane mai kauri ta auduga wurin masu kayan zane. Abin da na fi so yanzu shi ne robar nan mai ramuka a ciki da masu allon talla ke amfani da ita: ba ta shan ruwa, gara ba ta kula ta, ba ta da nauyi. Firam ɗin da za shi Legas ko Fatakwal, inda laima ba ta ɗaukewa, ita nake sa masa ba tare da na tambaya ba.

Hoton yayarka yana cikin waya, in ya lalace gobe a sake wanko shi. Gilashi mai milimita 2, kwalin gefe, farar takarda, MDF, ka gama. Na Baba ne ba shi da na biyu. Kafin ka taɓa shi, kai shi wurin masu hoto su kwafe a kwamfuta. Kada su yi masa laminetin ko da sun ce kyauta ne, zafi da gam ne, ba ya warwaruwa. Kai ma ba gam, ba salatif. Ka san yadda salatif ke barin tabon rawaya bayan shekara biyu. Yi 'yan aljihu huɗu na takarda ka zura kusurwoyinsa, ya zauna sakayau, ya miƙe ya tsuke yadda ya ga dama.

In ka rufe, bi gaɓar baya da tef ɗin takarda ruwan ƙasa duk zagaye, in ba haka ba ƙurar hunturu za ta taru a ƙasan gilashin kamar garin kuka. Sai ka yanko guntaye biyu daga tsohon silifa ka manna a kusurwoyin ƙasa, firam ya ɗan ɗago daga bango iska ta bi ta baya. Kuma ka faɗa wa Hajiya kada ta rataye shi a bangon da ruwan Agusta ke duka.

Akwai guntun mai milimita 2 a saman kabad, ɗauko shi da dayamon. Ka auna kwarmin tukuna in gani.