Amsata ga Malam Sakatare kan masu ɓoye suna a zauren nan

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Jama'ar zaure, barkanmu da yamma. Malam Sakatare, na saurari tambayar da ka yi jiya, wato ko ya dace mu kafa doka cewa duk wanda ke zauren WhatsApp na unguwar nan ya sa cikakken sunansa da hotonsa, wanda ya ƙi kuwa a fitar da shi. Da izininka zan amsa abin da nake ganin shi ne ainihin tambayar, domin wannan magana ba ta taso ba sai bayan wanda ke kiran kansa Bawan Allah ya tambayi inda aka kwana a kan kuɗin gyaran taransifoma da muka tara kafin azumi. Abin da ake son sani shi ne ko wane ne shi, ni kuwa ba zan goyi bayan a kafa wa mutum fiye da ɗari biyu doka don a farauto mutum ɗaya ba.

Da farko ma, wanda ya sa laƙabi a WhatsApp bai ɓuya kamar yadda ake zato ba. Lambarsa tana nan kowa yana gani. Yaran unguwa sun san cewa idan aka cire sifirin farko daga lambar mutum aka sa ta a OPay kamar za a tura masa kuɗi, matuƙar yana da asusu a can, cikakken sunansa zai fito, ga kuma Truecaller. Tun watan Disamba na 2020 gwamnatin tarayya ta umarci a haɗa kowane layi da lambar NIN, kuma mun ga yadda jama'a suka yi ta cunkoso a kan haka har aka fara toshe layuka a 2022. Saboda haka wanda ya aikata laifi na gaske, hukuma tana da hanyar kaiwa gare shi ba tare da dokar zaurenmu ba. Dokar da ake so mu kafa, talaka mai tsoron bakin mutane kaɗai za ta kama.

Kun sha jin ina ba da labarin nan, kuma zan sake ba da shi, domin har yau yana ci mini rai. Akwai wani manomi daga wani ƙauye ta wajen Batsari, surukin maƙwabcina ne. A lokacin da 'yan bindiga suka sa wa ƙauyensu haraji kafin su bari a girbe amfanin gona, ya rubuta a wani zaure na 'yan asalin yankin, ya faɗi ranar da suka zo da hanyar da suke bi, da niyyar a isar wa jami'an tsaro. Da sunansa ya rubuta, ga hotonsa sanye da farar hula, saboda dokar wannan zauren ke nan, irin wadda ake so mu kwaikwaya. Wani ya ɗauki hoton saƙon ya tura gaba, shi ma wanda ya samu ya tura, kafin mako ya zagayo aka kira shi da wata baƙuwar lamba aka karanta masa abin da ya rubuta kalma bayan kalma. Cikin dare ya kwaso iyalinsa a bayan a-kori-kura, ya bar dawarsa a tsaye a gona. Na gan shi da idona a Ƙofar Guga yana tura baron ruwa, mutumin da a da yake ciyar da gida uku. Ba a ce baki shi ke yanka wuya don wasa ba. Kuma kada mu manta cewa a watan Satumba na 2021 an katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar nan ta Katsina, har da Batsari da Jibiya da Safana da Faskari, kuma babban dalilin da aka bayar shi ne masu kai wa 'yan bindiga rahoto. Idan gwamnati da kanta ta yarda cewa akwai infoma a cikin jama'a, da wane dalili za mu rantse cewa babu mai kwasar magana a zauren da ba mu san rabin lambobinsa ba?

Wani zai ce ai nan cikin birni ne, batun taransifoma ne ba batun daji ba. Gaskiya ne, amma tsoro kala-kala ne. Akwai ɗan haya da mai gidansa ke cikin kwamiti, akwai ƙaramin ma'aikaci da shugabansa ke zauren, akwai yaron da al'adarmu ba ta ba shi damar tambayar sa'an mahaifinsa lissafi a bainar jama'a ba. Ga iyayenmu mata da ƙannenmu, waɗanda da yawansu da Maman wane ko Maman wance aka san su, kuma mazajensu ba za su yarda a baza hotonsu ba. Ranar da aka kafa dokar hoto, su ne za su fara fita.

An taɓa gwada wannan a ƙasa guda. A 2007 Koriya ta Kudu ta wajabta wa manyan shafukan intanet su tabbatar da sunan mutum na gaskiya da lambarsa ta ɗan ƙasa kafin ya rubuta ra'ayi, don a rage zage-zage. A 2011 masu kutse suka kwashe bayanan mutum kusan miliyan 35 daga shafukan Nate da Cyworld, a ƙasar da jama'arta ke wajen miliyan 50. A watan Agusta na 2012 kotun tsarin mulkinsu ta soke dokar, bisa hujjar cewa ta tauye 'yancin magana kuma ba a nuna ta rage ɓarnar yadda aka yi zato ba.

Ba ina wanke masu ɓoye suna gaba ɗaya ba ne, kuma Hajiya tana da gaskiya da ta ce ƙazafi ya fi sauƙi ga wanda ba a ganin fuskarsa. Na san gidan da aka fasa aure saboda wani shafi marar suna ya liƙa wa yarinya abin da ba ta yi ba, kuma wannan zalunci ne da Allah ba zai bari ba. Dokar laifukan intanet ta Najeriya ta 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024, tana nan ga wanda aka yi wa barazana. Amma mu duba Suratul Hujurat. Aya ta 6 ta ce idan fasiƙi ya zo da labari a bincika, wato labarin ake tantancewa kafin a yi aiki da shi. Aya ta 12 kuwa ta hana cin naman mutum a bayan idonsa, kuma a wuri guda ta hana bin diddigin asirin mutane. Ba daidai ba ne mu riƙe rabin ayar da ya yi mana daɗi mu saki ɗaya rabin. Ko tsarin mulkin 1999, sashe na 37, ya kare sirrin mutum da gidansa da wasiƙunsa da maganarsa ta waya.

Shawarata ita ce kowa ya zaɓi suna ɗaya, nasa ne ko laƙabi, ya tsaya a kansa, domin wanda ya shekara biyu da laƙabi ɗaya ya riga ya tara mutuncin da yake tsoron zubarwa, saɓanin mai sauya suna da layi duk mako, wanda shi ne ya kamata a sa wa ido. Sannan shugabannin zaure su san kowa. Ko kuwa bari in taƙaita wannan, ba dukkan shugabanni ba, dattawa biyu da aka amince da su sun isa, kuma sani ne na baki da baki, kada a buɗe rajistar sunaye da lambobin NIN a wayar wani, domin waya tana ɓata, ana kuma kai ta wajen mai gyara. Wanda ya zagi wani ko ya yi zargi babu hujja, a goge saƙon a ja masa kunne, in ya sake a fitar da shi, ko da sunansa uku da hotonsa da sarautar gidansu ya rubuta.

Shi kuwa Bawan Allah, na koma na karanta saƙonsa a tsanake. Bai zagi kowa ba, bai ce an ci kuɗi ba, tambaya uku ya yi: nawa aka tara, nawa aka ba mai gyara, ina ragowar. Ni ma gidana ya bayar, kuma da cikakken sunana nake maimaita tambayoyin nan uku yanzu. Malam Ma'aji, don Allah a ɗauki hoton rasiɗai a turo zaure kafin taron ranar Asabar bayan La'asar, in sha Allahu zan zo da littafin da na rubuta gidajen layinmu da abin da kowa ya bayar. Wassalamu alaikum.