Makaranta ta ce sai na kawo takardar likita kafin a taimaki ɗana

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Ɗana yana da shekara huɗu, kalmomin bakinsa ba su kai goma ba. In an kira sunansa ba ya waiwayowa, in an kaɗa ƙararrawa a makaranta sai ya toshe kunnuwa ya shige ƙarƙashin tebur. Ana zargin galahanga ce (autism, lalurar da ke shafar magana da mu'amalar yaro), amma layin ganin ƙwararre ya yi tsawo. Shugabar makaranta ta ce sai na kawo takardar likita, dangi kuma sun ce in bari ya girma. Barci ya gagare ni. Ta ina zan fara?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya sauƙaƙa. Ki fara kai shi gwajin ji, domin yaron da ba ya amsa sunansa sai an tabbatar kunnensa lafiya yake. Sannan ki rubuta wa makaranta wasiƙa mai kwanan wata, ki riƙe kwafi. Maganar da aka yi a bakin ofis, gobe za a ce ba a yi ba. Ki nemi zama da malamarsa, a rubuta abin da ke tayar masa da hankali da matakin da za a ɗauka, a kuma sa ranar da za a sake dubawa.

Amma bari in tsaya a kan wannan "bari ya girma", don kullum sai na ji ta. Wai namiji ne, maza ba sa saurin baki. Wai kawunsa ma sai da ya shekara biyar. To, wa ya auna kawun? Tambayoyin tantance galahanga da ake kira M-CHAT ana yin su ne tun yaro yana tsakanin wata 16 zuwa 30, kuma ƙwararre yana iya gane lalurar a shekara biyu. A 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta kusan yaro ɗaya cikin 100 yana da ita, saboda haka ba baƙon abu ba ne da za a tsaya ana kallo. A shekarun ƙuruciyar nan ne koyar da magana da mu'amala ya fi kamawa. Ana ta jiran gawon shanu, yaro kuwa yana koyon cewa in yana son ruwa sai ya yi ihu ko ya buga kansa a bango, daga nan a sa masa suna mai taurin kai, a fara dukansa. A cikin wannan jiran ne masu sayar da "maganin warkewa" suke samun kasuwa, alhali babu maganin da ke kawar da galahanga.

Sharaɗin shugabar ma wani nau'in jiran ne, sai dai nata yana da hatimi. Takarda ba ta ƙara wa malama ido. Ai ta riga ta ga yaro a ƙarƙashin tebur. Sashe na 24 na Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin masu buƙata ta musamman, ta 2006, ya ce a yi wa ɗalibi gyaran da ya dace da buƙatarsa. A nisanta kujerarsa da ƙararrawa, a sanar da shi kafin a kaɗa ta, a liƙa masa hotunan jerin ayyukan yini, a riƙa ba shi umarni ɗaya gajere a lokaci guda. Wanne ne cikin waɗannan yake buƙatar sa hannun likita?

Ki ci gaba da bin layin ƙwararren, ki kuma nemi mai koyar da magana tun yanzu. Ranar ganin likita ki tafi da rahoton malama da gajerun bidiyon da kika ɗauka a waya. In makaranta ta yi shiru da wasiƙarki, ki kai kwafin ga hukumar ilimin da ke kula da ita.