Na Sayi Mota, Mai Ita Ya Hana Ni Takardar Mallaka

Tambaya: Na sayi mota ta hannu a wurin wani mutum. Na biya mafi yawan kuɗin, ya ba ni makulli da rasit, ya ce takardar mallaka za ta biyo baya. Yau mako shida ke nan, kullum sai ya ce gobe. Yanzu ma yana neman cikon kuɗinsa. Me ya kamata in yi?

Amsa: Malam, kada ka ƙara masa ko sisi. Cikon nan da ke hannunka shi ne kaɗai abin da zai sa ya ci gaba da ɗaga wayarka.

Rasit yana nuna ka biya kuɗi ne kawai. A idon hukuma, motar tana nan ta wanda sunansa ke cikin rajista. Saboda haka abin da nake so ka fara ganowa shi ne: sunan wa ke jikin takardar? A nan gizo ke saƙa. Wani ya karɓi bashi da motar, takardar tana hannun banki har sai ya gama biya. Wani kuma ya saya ne daga hannun wani bai sauya suna ba, don gudun kuɗin rajista, yanzu kuma mai ita na farko ya yi nisa. Akwai wanda ke ɓoye takardar don a rubuce yake cewa motar ta taɓa yin mummunan haɗari har kamfanin inshora ya cire ta daga lissafi. Mafi muni, ta sata ce. A dokokin ƙasashe da yawa, wanda ya sayi kayan sata ba ya zama mai shi ko da bai sani ba; za a karɓe motar, kai kuma ka koma bin kuɗinka.

Idan ya ce takardar ɓata ta yi, wannan mai sauƙi ne, domin mai mota na gaskiya yana iya neman wata a ofishin rajista. Ka ce masa ku je tare. Yadda zai amsa maka zai gaya maka abubuwa da yawa.

Kafin nan, je ka tsaya a gaban motar, ka leƙa ƙasan gilashin gaba ta ɓangaren direba. Za ka ga ɗan ƙarfe mai ɗauke da lambar jikin mota, wato VIN. Tun daga 1981 aka daidaita ta a kan haruffa da lambobi 17, kuma babu I, O ko Q a ciki. Gwada ta da wadda ke jikin ƙofar direba da wadda ke kan rasit. In ka ga alamar kankara, walda ko sabon fenti a wurin, ka wuce wurin 'yan sanda kai tsaye. In sun yi daidai, kai lambar ofishin rajista a duba maka mai ita da ko akwai bashi a kanta.

Daga nan ka daina magana ta fatar baki. Rubuta masa wasiƙa, ka faɗi ranar ciniki da abin da ka biya, ka ba shi wa'adi, misali kwana 14: ko takarda, ko ya karɓi motarsa ya dawo da kuɗinka. Ajiye kwafi, da saƙonnin waya, da shaidar tura kuɗi. Su ne lauya zai fara tambaya idan maganar ta kai kotu. Idan kuwa kamfanin dillancin motoci ne mai lasisi, kai ƙara ga hukumar da ta ba shi lasisin. Wannan ya fi ba su tsoro.

Idan bashin banki ne, ana iya warwarewa: ku je bankin tare, ka zuba cikon a asusun bashin da hannunka, ka karɓi takardar shaidar an gama biya.

Na san ranka na son ka hau abarka, amma ka ajiye ta tukuna. Kada ka kashe mata kuɗin gyara, kada kuma ka sayar wa wani, don shi ma kai zai riƙe.