Amsa kan kuɗin ban ruwan ciyawar tsakar gida a Birnin Kebbi

Malam, ka tambayi abin da ban ruwan ciyawa mai faɗin murabba'in mita 50 zai ci maka a wata, kuma amsar ta dogara ne ga inda kake samun ruwan. A bazara, daga Maris zuwa Mayu, kowane murabba'in mita yana bukatar wajen lita 6 kullum, wato lita 300, daidai da jarka 12 masu cin lita 25. Ka ga kusan kurar mai ruwa guda ke nan kowace rana, sai ka ninka farashin kura a unguwarku sau 30.

Idan kana da rijiyar burtsatse, kuɗin zai koma kan man janareta ko sola, amma fa a lokacin ne ruwan ƙasa yake ja baya. Ni da na shuka ƙiri-ƙiri, wadda take jure fari, nakan ba ta ruwa da asuba sau uku a mako, domin wanda aka zuba da tsakar rana zafi yakan shanye wani kaso nasa kafin ya kai saiwa. Daga Yuni zuwa Satumba kuwa, damina ta ɗauke maka nauyin.