Tambayi Likita: Maganin rage zafin naƙuda da illolinsa

Tambaya: Likita, cikin fari gare ni, wata takwas. Gwaggona ta ce duk macen da aka yi wa allurar baya ta rage zafin naƙuda ba ta rabuwa da ciwon baya har tsufa. Haka ne? Daga Tudun Wada, Gombe.

Amsa: 'Yar'uwa, Allah ya raba lafiya. Ki kwantar da hankalin Gwaggo. Wurin da aka soka yakan yi tsami na 'yan kwanaki, amma daɗaɗɗen ciwon baya daga nauyin ciki da goyo da yawan sunkuyo yake zuwa, har ga wadda ta haihu a ɗakinta.

Illolin da muke gani daban ne. Jini yakan sauka (kishiyar hawan jini), shi ya sa ake ɗaura miki ƙarin ruwa, ana auna ki a kai a kai. Ƙafafu su yi nauyi, fitsari ya ƙi fita sai an sa roba, wata kuma ta yi ƙaiƙayi ko zazzaɓi. Kusan mace 1 cikin 100 takan samu wani ciwon kai mai tsanani: ta tashi zaune kai kamar zai tsage, ta kwanta ya lafa. Kada a ce gajiyar jego ce, a koma asibiti, yana da magani. Idan kuma jininki ba ya daskarewa da wuri, ki faɗa tun a wurin awo, kafin a kai ga maganar allurar baya.

Tambaya: An yi wa matata allura a cinya, jaririn ya fito yana ta barci, ya ƙi kama nono. Daga Kumo.

Amsa: Malam, barka da arziki. Allurai irin su pethidine da pentazocine suna ratsa mabiyiya su kai ga jariri. Idan haihuwa ta zo jim kaɗan bayan allurar, yakan fito da kasala, wani lokaci numfashinsa ya yi rauni. Wannan yanayin yana gushewa, kuma akwai maganin da ke karya ƙarfinta. In har yanzu bai kama nono ba, a kai shi asibiti yau.

Tambaya: Zan iya shan ƙwayar kemis ko jiƙo kafin mu tafi asibiti? Daga Bajoga.

Amsa: Don Allah kar ki sha. Diclofenac da ibuprofen suna iya taɓa ƙodar jariri a ƙarshen ciki, wasu jiƙe-jiƙen kuma suna tsananta naƙuda har mahaifa ta fashe. Ki riƙa tattaki, ki samu mai danna miki ƙugu, in zafin ya fi ƙarfinki ki ajiye kunya ki gaya wa ungozoma.